Kafinta Ya Je Zaɓen Banki

Da na samu gurbi a jami'a, abu na farko da aka ce kowane sabon ɗalibi ya yi shi ne buɗe asusun banki da sunansa. Ni kuwa tun kafin a faɗa na gama bincikena. Akwai wani banki a bakin tasha mai asusun ɗalibai, ba sa yankar kuɗin wata-wata, kati kuma kyauta ne. Wata ƙawata da ta riga ni shiga ta tabbatar mini cewa na'urar cirar kuɗinsu ce kaɗai a cikin makarantar, gab da ɗakunan kwanan mata. In na ɗauki wani banki, sai na hau mota na shiga gari duk ranar da nake son ko kuɗin sabulu ne. Shi nake so, ba na son wani. Kuskurena ɗaya, na yi maganar a gaban Baba.

Baba kafinta ne, irin wanda ba ya barin sana'arsa a shago. Bai taɓa shiga ɗaki ya zauna ba sai ya girgiza kujerar, ya ƙwanƙwasa teburin, ya leƙa ƙarƙashi. Ko ranar da muka kai shi asibiti kan ciwon bayan da sunkuyo ya bar masa, likita yana tambayarsa inda ke ciwo, shi yana faɗa wa likita cewa ƙafar teburinsa ta kusa fita. Hali zanen dutse. Ga shi bai yarda da tura kuɗi ta waya ba. Yaya ya yi bayani har ya gaji, Baba ya ce kuɗin da ya tafi ta iska, iska ce za ta ci shi. Shi sai ya miƙa da hannunsa, an buga hatimi, an ba shi takarda.

Yana jin zancen banki ya ajiye kofin shayinsa ya ce gobe tare za mu je, kuma ba banki ɗaya za mu duba ba. Na kalli Umma don ta cece ni, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Mun fara da bankin kan kwana, mai ƙofar nan ta gilashi da ke rufe mutum a ciki har sai ta tabbatar ba ya ɗauke da ƙarfe. Ni na wuce lafiya. Baba ya shiga, ƙofa ta ƙi. Ya fito ya ba maigadi tef ɗin awo, ya koma, ta ƙi. Ya zaro makullan shago, ta ƙi. Sai ga ƙusoshi suna fitowa daga aljihun gaba, da na gefe, har da wata ƙaramar guduma da ya ce ya manta da ita a jikinsa. Layi ya taru a bayansa, wani yana tsaki, wata tana dariya a cikin mayafi. Ni ina daga ciki na juya baya ina karanta wata sanarwa a bango kamar ban san shi ba, Allah Ya yafe mini.

Da ƙyar aka shigo da shi. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta zaunar da mu ta shiga jero mana amfanin asusunsu. Ta yi nisa sosai kafin ta lura cewa wanda take wa bayanin ba ya wurin. Baba ya durƙusa, kansa na ƙarƙashin teburinta.

"'Yata, wa ya yi muku wannan?" in ji shi daga can ƙasa. "Ai garin katako ne aka matse aka lulluɓe da leda. Ruwa ya taɓa shi sau ɗaya, an gama."

Ta ce ita dai a haka ta same shi. Ya miƙe yana dafe da baya, ya gwada kujerun masu jira, na roba ne masu santsi, ya girgiza kai ya ce mu tafi.

Daga nan sai bankina na bakin tasha. Gaskiya ko ni da nake sonsa na san ba shi da kyan gani. A cike yake maƙil, fanka ɗaya ke aiki, wurin zama kuwa wani dogon benci ne na ƙarfe da ƙafarsa ɗaya ta gaza, an cusa mata kwali a ƙasa. Duk wanda ya tashi daga wancan gefe sai na wannan gefen su yi tsalle. Baba ya samu ɗan wuri ya zauna. Wani ƙato ya tashi, benci ya yi rawa, na ga Baba ya runtse ido. Ko teburin buɗe asusu ba mu kai ba ya ce, "Auta, tashi."

Na bi shi ina bayani, kati kyauta, babu yanka, na'ura a cikin makaranta. Ya yi gaba abinsa kamar da bango nake magana.

Banki na uku yana wani titi mai shiru, ba kowa ke zuwa ba. Sanyi a ciki, kujeru masu hannu da katifa, na katako na gaske. Baba ya shafa hannun kujera, ya juya ta ya duba haɗin, ya zauna ya jingina, har da lumshe ido. Ma'aikacin ya faɗa mana gaskiya, suna yankar kuɗi duk wata, kuma ba su da na'ura ko kusa da jami'ar. Baba bai ko buɗe ido ba ya ce nan ne, gobe za mu dawo da hotuna.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Muna fita na faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba.

"Baba, asusu na zo buɗewa ko kujera na zo saye? Tun safe kake ba ni kunya a gaban mutane."

Ya dube ni. Ya tsayar mana da mota, har muka isa gida yana kallon taga.

Na samu Umma a ɗaki tana jera mini kaya a akwati, na zazzage mata komai, da ƙusoshi da guduma da garin katako. Ta yi dariya har da hawaye. Da ta gama ta share ido, ta ɗauki wani zane tana ninkewa.

"Ke Auta, da karatunki da komai. In kin tafi, ke za ki riƙa zama a kan kujerun nan?"

Na ce a'a, ai da kati zan riƙa cira.

"To wa zai je duk ƙarshen wata ya bi layi ya zuba miki? Da wannan bayan nasa?"

Ni duk lissafina yadda kuɗin zai fita nake yi, ban taɓa tunanin yadda zai shiga ba. Kunya ta kama ni, ga tausayi, ga haushin kaina. Na yanke shawara in bar masa bankinsa, mota kuma in hau ta.

Washegari na samu Baba a shago tun kafin ya karya. Na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na ce na yarda da banki mai kujerun katifa. Bai ɗago ba. Yana goge wata 'yar kujera mai naɗewa, ƙarama, wadda mutum zai saƙale a hammata.

"Bankin tasha za mu je," in ji shi. "Gara ni in ɗauki kujera da ke ki riƙa hawa mota a garin da ba ki san kowa ba."

Na ce to ai da sauƙi, Yaya ya riƙa turawa ta waya, kowa ya huta. Nan ne ya ɗago.

"Yayanki ne ya haife ki?"

Ya buɗe kujerar ya naɗe, ya sake buɗewa, ya nuna mini haɗin da alfahari. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, duk da turakun katako ya ɗaure ta, don kada wata ƙofar gilashi ta ce za ta raina shi.

A ranar muka buɗe asusun. Ƙarshen watan farko ina aji saƙon banki ya shigo wayata. Da na fito na kira Umma in yi godiya, na tambaye ta ya kujera ta yi. Ta ce kujera kam ta yi farin jini. Baba yana buɗe ta wata mai tsohon ciki ta shigo, ya ba ta. Tana tashi wani dattijo ya gaje ta, daga shi sai wata mai goyo. Baba a tsaye ya bi layin tun daga ƙofa har gaban mai karɓar kuɗi, ya dawo gida da odar kujeru daga mutanen layi, har maigadi yana so. Yanzu yana kwance a tabarma an shafa masa magani, kuma ya ce kada a faɗa mini.

Ina ji ya ce a ba shi wayar. Bai tambayi karatu ba, bai tambayi abinci ba.

"Auta, na'urar nan, da gaske kusa take da ɗakinku?"

Na gyara riƙon wayar na amsa masa.

"Kusa take, Baba. Da silifas nake zuwa."

Ya ce to madalla, ya miƙa wa Umma wayar.