Ƙwan da Kibiya ta Soka

Sai da Rukayya ta isa gida Dauran, ta ci tuwo ta miƙe ƙafa, sannan ta buɗe jakarta ta ga ashe mai shagon fotokofi a Kaura ya haɗa ta da aiki. Maimakon takardunta na darasin kwamfuta, ya ba ta na wani ɗalibin sashen harkar kuɗi. Ga gwaji ranar Litinin.

Allah ya taimake ta, mai takardun ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a bango: Armiya'u. Ta kira.

"Malama, ai nima tun ɗazu nike kallon naki," in ji shi. "Ina Badarawa. Wanga karatu naku duk ƙwai ne da kibiyoyi?"

Dariya ta ƙwace mata. Ta ce masa ba ƙwai ba ne, zanen wata na'ura ce mai halaye ƙidayayyu. Kowace da'ira hali ne guda, kibiya kuwa tana nuna inda za ta koma idan an danna mata wani abu. Kamar fitilar hannu: kashe, kunne, ƙyaftawa.

Wayarsa ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto. Dole ya riƙa karanta mata, ita kuma tana zanawa da gawayi a jikin katangar Inna.

"Ƙwai na biyu, kibiya ta fita ta dawo ta soke shi."

"An rubuta sifili ko ɗaya a kanta?"

"Ɗaya. Na ukun kuma gwaiduwa biyu gare shi."

"Nan ne ƙarshe, Malam! Ci gaba."

Sabis ya yanke sau huɗu. Inna ta fito ta ga katangarta, ta riƙe haɓa, ta koma ɗaki. Da suka gama, Rukayya ta karanta masa nasa babin a kan hannun jari, tana tuntuɓe da kalmomin, yana gyara mata cikin jin daɗi.

Ranar Litinin da safe suka haɗu a tashar Kaura. Ta zaci dogo ne, sai ga gajere da hula a karkace, yana ɗaga takardunta sama kamar tuta.

Gwajin ya zo mata da sauƙi. Shi kuwa nasa sai aka ɗaga zuwa wani mako, ya bi ta har ƙofar aji yana tambaya ko za ta sake karanta masa babin nan, wai muryarta ta fi shiga kai.