Raken Dungu a Kamiyon Salisu

Alhaji Lawali na Matameye mutum ne mai kirki, sai dai in ya kafe a kan magana, ko jaki ya san ya samu yaya. Shi da amininsa Salisu, ɗan kasuwar Kano, sun haɗa hannu sun buɗe sito a Matameye, sun kuma sayi kamiyo ɗaya, wato babbar motar kaya, tana kwasar raken Dungu zuwa Najeriya, ta dawo da siminti da taki. Tun suna samari suka san juna, lokacin da Lawali ke zuwa cirani yana kwana a shagon mahaifin Salisu. Ranar sayen motar, lauyan Salisu ya sa suka rattaba hannu cewa in rigima ta taso, masu sulhun 'yan kasuwa a Kano ne za su raba su, kuma abin da suka yanke ya zauna. Lawali ya sa hannu yana taunar goro, ko karantawa bai yi ba.

Rigimar kuwa ta taso, a kan abin da bai taka kara ya karya ba: wa zai zaɓi direba. Salisu yana son wani Shekara, Lawali ya ce Shekara gudu gare shi kamar wanda aka biyo. Magana ta yi tsami har suka daina gaisawa. Masu sulhu suka saurari kowa, suka raba musu kaya: siton Matameye na Lawali, kamiyo ta Salisu.

"To, su zo su ɗauka mana," in ji Lawali a majalisarsa ta bakin tasha. "Hukuncin Kano ai a Kano yake aiki. Yana isowa kan iyaka a Ɗan Barto, duwan masu binciken kaya za su tambaye shi takardunsa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Bai sani ba ashe irin wannan hukunci yana da ƙafa. Salisu ya kai hukuncin kotu a Damagaram, alƙali ya duba ya ga su biyun sun yarda da masu sulhun tun farko, an kuma saurari kowa, babu abin da ya saɓa wa dokar Nijar. Ya buga masa hatimi. Daga nan hukuncin ya zama ɗan gida.

Malam Yunus, ɗan aiken kotu, ya zo har ƙofar gida, ya cire takalmi, suka gaisa. Ya ce jibi zai dawo karɓar mota, yana fatan ba sai ya zo da jandarmomi ba.

Lawali ya shiga gida. Motar ba ta dame shi sosai ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a ce ƙarshensa da Salisu ke nan, a ja kamiyo daga ƙofar gidansa kamar kayan sata, su mutu ba su sake cin tuwo tare ba. Kiran Salisu kuwa, girman kai ya hana shi.

Ya tarar da matarsa Hajiya Mas'uda ta wanke kwanon da maƙwabciya ta aiko mata da dambu, tana cika shi da ƙuli-ƙuli kafin ta mayar. Ta ji labarin, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Alhaji, motarsa ce, ka ba shi abinsa. Amma ni dai ban taɓa mayar wa mutum kwanonsa wayam ba, ko da mun yi faɗa."

Bayan kwana biyu da Malam Yunus ya iso, ya tarar da kamiyo an wanke ta tas, an loda mata rake daga lambun Lawali na Dungu, mai kauri, har ta ɗan durƙusa.

"Alhaji, hukuncin mota ya ce, bai ce rake ba."

"Malam Yunus, ku a gidanku wayam ake mayar wa mutane abinsu?"

Yunus ya sosa ƙeya. Uwarsa ma da ta ji ya kai wa wani kwano babu komai, sai ta ci masa mutunci. Ya rubuta cewa an miƙa mota lami lafiya, rake kuma kyauta ce. Lawali da kansa ya raka motar zuwa Ɗan Barto, ya gama da duwan, ya tsaya yana kallo har motar ta ɓace.

Kwanaki suka wuce shiru. Lawali ya rage surutu a majalisa, duk ƙarar mota sai ya waiga.

Ran nan da hantsi ya ji an danna odar motar da ya sani. Ga kamiyo ta tsaya a ƙofar siton da ke jikin gidansa, cike da buhunan taki, Shekara ne a bakin sitiyari. Ya sauko ya rusuna.

"Alhaji Salisu yana gaishe ka. Ya ce raken ya yi zaƙi. Ya ce a sauke wannan, kuma kada a kuskura a dawo masa da mota wayam."

Daɗi ya kama Lawali har idonsa ya kawo ruwa. Ya ƙare wa Shekara kallo, mutumin da aka yi duk rigimar a kansa, sannan ya leƙa cikin gida.

"Hajiya, a dama wa direbanmu fura. Da alama gudu ya yi."