Ƙauri a Hawan Gada

Malama ba ta taɓa tunanin za ta riƙe sitiyari ba sai da ciwo ya kwantar da mijinta. Shi direba ne, a kan titi ya yi furfura, motar gidansa kuwa ko gilashinta ba ya yarda wani ya goge. Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, dole ta sa ta koyi tuƙi da girmanta don ta riƙa kai shi asibiti wurin gashin ƙashi.

Ran nan da hantsi suna kan hanyar asibitin, cunkoso ya tsare su a tsakiyar hawan gada. Da aka buɗe hanya ta saka giya, ta taka totur. Inji ya yi kuka kamar zai tsage, motar kuwa sai jan jiki take yi. Ta ƙara takawa. Wani ƙauri ya cika motar, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Ta duba madubi, ga wata doguwar bas ta liƙe musu a baya, direbanta yana danna hon yana yarfa hannu.

"Ku... ku..." in ji mijin, yana dukan cinyarsa da hannunsa mai lafiya.

Ita dai "ke, ke" ta ji. Ta ɗauka laifinta yake gani. Da ma tun satin da ya wuce ta lura motar tana nauyi in an zo hawa, ta yi shiru don kada ya ce ta kashe masa mota.

Da ƙyar, da addu'a, suka haura gadar, ta gangara gefen wani shagon sayar da tayoyi ta tsaya. Mayafinta ya jiƙe da zufa.

"Baban yara, ka yi haƙuri. Wallahi ban san me na yi mata ba."

Ya girgiza kai, ya haɗa ƙarfinsa, kalmar ta fito a gutsure: "Ku-lo-ci."

Ya nuna birkin hannu, ta ja. Ya ɗaga yatsu uku, ta taka kuloci ta saka giya ta uku. Sai ya kife tafin hannunsa yana ɗaga shi sannu a hankali, ita ma ta riƙa ɗage ƙafarta haka. Ta san abin da ya kamata ya faru, don sau nawa mota ta mace mata tana koyo: ta yi tsalle, inji ya mutu. Wannan karon ta cire ƙafar gaba ɗaya, inji yana ta gurnaninsa, mota ko gezau. Mijin ya rufe ido ya jingina kai.

Ta kira Dogo, makaniken da ya daɗe yana duba musu motar. Ya iso a kan babur, ya durƙusa ya gai da maigidan, sannan ya buɗe bonet.

"Man kuloci a cike yake, babu yoyo," ya ce. Ya shiga ya taka fedar. "Kin ji, Malama? Sai can sama take kamawa. Giya tana miki gardama in za ki saka?"

"A'a, lafiya lau take shiga."

"To ba a nan matsalar take ba. Faifan kulocin ne ya cinye, yana sulɓewa. Sai an sauke giyabos."

Ta matso ta rage murya. "Dogo, tsakaninka da Allah, ni na ƙone shi?"

"Sai na buɗe na gani. Ba zan yi miki ƙarya a bakin titi ba."

Gashin ƙashi na ranar ya wuce su. Ƙanen mijin ne ya zo ya mai da su gida, yana ta barkwancin wai ta koma wa keken ɗinki, shi ba ya da kuloci. Ta yi yaƙe. A gida maigidan ya ƙi cin abinci, ya zauna yana kallon filin da motar take kwana. Ita kuma ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ɗauki littattafan ɗalibanta za ta duba, ta ajiye.

Washegari ta je garejin Dogo, ta tarar da motar a kan ramin gyara, cikinta a buɗe. Dogo ya miƙo mata wani faifai baƙi ƙirin, ya suɗe har kawunan ƙusoshinsa sun bayyana suna ƙyalli.

"Wannan cin na shekaru ne, tun Baba yana tuƙi. Kwanansa ne ya ƙare." Ta sauke ajiyar zuciya. Sai ya haska mata wani ƙarfe da tocila. "Amma wannan shuɗin tabon sabo ne, zafi ne ya yi shi. Kina riƙe mota da kuloci a hawa. In kika ci gaba, sabon ma ba zai yi ƙarko ba."

"To ya zan yi? In na saki, baya take yi."

Da aka haɗa motar, bai ba ta makulli ta tafi ba. Ya kai ta wani tudu a bayan garejin, ya fita ya sa dutse nesa kaɗan da tayar baya.

"Ja birkin hannu, ki huta. Ki riƙa ɗage ƙafa daga kuloci a hankali, in kin ji gaban motar ya ɗaga, sai ki saki birkin."

Ta gwada, motar ta yi tsalle ta mutu. Dogo ya tafa hannu yana dariya.

"Madalla! Mai lafiya ke nan, tana mutuwa. Sake tayarwa."

Ta goge tafin hannunta a zani, ta murɗa makulli.