Wuƙar da Fuyuno Ta Bar wa Teku

Ni dai ba na bin magana, magana ce ke biyo ni har gida. Shagona na busasshiyar ciyawar teku yana kallon gaɓa, to ya zan yi da idona, in sa shi a aljihu?

Ranar da jiragen tsere suka dawo, hazo ya kwanta a kan ruwa kamar an shimfiɗa auduga. Ba ka ganin jirgi, sai farin filafilinsa yana tafe shi kaɗai a sama, shiru, babu ƙarar inji, sai ka ce wasu manyan balbelu ne ke tafiya cikin barci. Sun yi kwanaki a tsakiyar teku, sun kewayo wani tsibiri da ko mijina marigayi Genroku bai taɓa kaiwa ba, duk da cika-bakinsa. Jirgi na uku da ya shigo na Kuramochi ne, wani attajirin birni mai furfura da baƙin tabarau. Wadda ke riƙe da akalar jirgin kuwa Fuyuno ce, 'yar maƙwabtana, wadda idonta ya rufe tun tana budurwa. Da kumatunta take jin iska, ta san inda za ta juyo tun kafin ta juyo.

Masu shirya tseren suna da dokoki biyu da suka ba tsofaffin garinmu dariya. Kowane jirgi sai ya ɗauki wanda da can ba a ɗauka, mace ko kurma ko makaho. Sannan duk abin da ka fita da shi teku sai ka dawo da shi, ko ledar alewa ce. In wani abu ya suɓuce ya faɗa ruwa, mai jirgi ya gaya wa alƙalai da zarar ya taka ƙasa, a ɗan ja masa kunne. In aka ɓoye kuma aka gano, an soke matsayin jirgin ɗungurungum.

Kowa ya san don cika doka Kuramochi ya ɗauki Fuyuno. Amma ya faɗa a gabana, ina auna masa ciyawa, cewa in suka shiga ukun farko, da ita zai tafi babban tseren kudu na baɗi. Yarinyar nan ba ta da wani buri a duniya sai wannan.

Da la'asar ana can ana kiɗa a bakin gaɓa, sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarta a ƙofata. Ta shigo tana warin gishiri, leɓenta duk ya tsage.

"Kaka Tsuya, har yanzu kina da tawada?"

"Iye! Jaruma da kanta. Sa hannu za ki yi mini a bango?"

"Zane nake so. Wuƙa."

Na ajiye butar shayi. A gaɓarmu, in ƙarfe ya faɗa teku, ƙyallinsa yana kashe wa Mai Ruwa, uwargijiyar teku, ido, kifi ya watse, sa'a ta bar jirgi. Sai a zana abin a takarda, a rubuta sunan jirgin, a liƙa a ɗakin bauta na kan tudu don ba da haƙuri. Ni ce na yi wa Genroku wannan aikin duk rayuwarsa, mutumin da hannunsa kamar an shafa masa mai.

"'Yar nan, yaushe?"

"Muna dawowa. Wata tsohuwar raga da aka yar ta naɗe mana ƙasan jirgi. Suka ɗaura mini igiya a ƙugu, na leƙa ina lalube ina yanka. Mun jawo ragar duka, tana can a jirgi. Wuƙar ce ta zame." Ta juya fuskarta wajen taga. "Ba ta yi ƙara ba, Kaka. Amma na ji ta tana sauka. Har yanzu tana sauka, tana juyawa a hankali, kifaye na matsa mata."

"Shi mai tabarau ya sani?"

"Haba Kaka. A kan ruwa zan ambace ta?"

Gaskiyarta. Ba a kiran sunan ƙarfen da ya nutse muddin ƙafa na kan ruwa, ko yaron goye a garin nan ya san haka. Shi ya sa ta yi gum a jirgi tana jiran ƙasa. Shi kuwa ɗan birni, jirgi bai gama tsayawa ba ya yi tsalle ya dira, ya je gaban alƙalai da masu ɗaukar hoto yana buga ƙirji, wai ko tsinke ba su bar wa teku ba. Kafin a kama hannunta a sauko da ita, bakin alƙalami ya bushe.

"Kin san gobe da safe duk za su hau tudu yin godiya kafin a raba kyauta? Har da alƙaliyar nan mai siririn wuya?"

"Na sani."

"To ki bari sai sun tafi mana. Mai Ruwa ba ta da agogo."

"Jirgin zai koma birni jibi, da mutane a ciki. In bar su su hau ruwa ba a ba da haƙuri ba?"

Na ɗauko takarda ina gunaguni. Na ce a raina, ai makauniya ce, kuma hannuna ya tsufa. Na zana jiki mai ɗan tumbi, na lanƙwasa, na soma yi masa 'yar jela. Wanda ya gani zai ce kifi ne, Mai Ruwa kuma ta gane abinta.

"Kaka."

"Na'am."

"Wuƙa ba ta da jela."

"Wa ya ce miki jela nake yi? Ƙota ce."

"Ina jin gashin alƙalaminki yana wutsil-wutsil. Ke da kika tsufa da zanen wuƙa, yau kuma za ki yi wa Mai Ruwa wayo? In ta tambaya cewa zan yi Tsuya ce."

"Ji mini ja'ira! Ni za ki kai ƙara ƙarƙashin teku?"

Muka yi dariya har ta share ƙwalla. Na yaga takardar, na ja wuƙa miƙaƙƙiya, baki da ƙota, na rubuta sunan jirgin Kuramochi da manyan baƙaƙe. Muka hau tudu tare, hannunta a kafaɗata, kafin rana ta faɗi.

Ɗakin nan, in ka shiga, kamar ka nutse ne. Bango duk takardu, wuƙaƙe da ƙugiyoyi da anka, wasu sun yi ja don tsufa, iska na kaɗa su a hankali kamar ciyawa a ƙarƙashin ruwa. Fuyuno ta shafa bango har ta sami gurbi, ta liƙa tata, ta tafa hannu, ta sunkuyar da kai.

Da safe na sa rigata ta biki na tsaya inda ba abin da zai wuce ni. Alƙaliya ta shiga tana ta sha'awar takardu, tana tambayar ma'anarsu, wani dattijo na yi mata bayani. Sai ta tsaya cak a gaban sabuwar, tawada na sheƙi. Ta karanta sunan jirgi. Ta waiwayo ta dubi Kuramochi.

Ya cire tabarau. Ashe idanunsa ƙanana ne.

"Wa ya liƙa wannan?"

"Ni ce, maigida," in ji Fuyuno.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Muna kan ruwa."

"To sai me?"

Masunta suka dubi juna, kamar ya tambayi me ya sa ruwa ke da jiƙa. Alƙaliya ta saurari komai, har ta je ta ga tulin ragar da suka jawo, ta ce abin a yaba ne, amma doka doka ce. Aka ba wani jirgi matsayi na uku. Kuramochi ya sauka tudu bai yi wa kowa sallama ba, wuyansa ja wur.

Fuyuno ta yini a shagona tana tsinke ciyawa. Ni kuwa, abin mamaki, na rufe bakina. Hazo ya dawo ya haɗiye jirage ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ana shirin ɗaga anka sai ga Kuramochi a ƙofa, riƙe da ƙunshi daga shagon maƙeri. Bai gaishe ni ba, marar tarbiyya. Ya kama wuyan hannun Fuyuno, ya ɗaura mata igiya, sabuwar wuƙa na lilo a ƙarshenta.

"Tseren kudu wata guda ne a ruwa," ya ce. "Ba zan iya wata guda ina jiran ki taka ƙasa kafin ki yi mini magana ba. Ki riƙe ta ɗaure."

Fuyuno ta shafa ƙullin da yatsa, ta ɗan karkata kai.

"Maigida, wa ya koya maka ɗauri? Wannan ai ko kyanwa ta ja ya kwance."

Ta warware, ta sake ƙullawa da hannu ɗaya da haƙori, ta miƙa masa ya ja ya gani. Ya ja har ya yi nishi. Ni kuwa na zura takalmina na fice ta ƙofar baya, don matar mai kifi ba ta ji labarin ba tukuna.