Duniya a Kan Ƙahon Sa

Tun da Baba ya ajiye tuƙin bas ya zama ɗan sahun farko a masallacin layinmu. Shi ke kunna fanka, shi ke kashewa, shi ke hararar yaran da suka zubar da takalma a bakin ƙofa. Don haka da liman zai yi tafiya ya ce Baba ya riƙe masa 'yar tunatarwar da yake yi bayan la'asar ranar Asabar, ba wanda ya yi mamaki sai Baban kansa. Ya shigo gida a hankali kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai, ya ce wa Mama a goge masa farar rigarsa, alhali ranar Talata ce.

Ni ce babbar 'yarsa, aikin jinya nake yi, kuma a gidanmu an san ni da baki. Ƙanwata Auta ita ce mai ilimin addini. Hadisi ta karanta a jami'a, yanzu tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Baba yana alfahari da ita har ya kan gundiri mutane da zancenta.

Washegari na biya gida daga asibiti, na tarar an ture teburin falo gefe. Mama da Auta suna zaune a doguwar kujera, su ne jama'ar masallaci. Baba yana tsaye, rimot ɗin talabijin a hannunsa a madadin makirufo. Ya nuna min kujera da haɓa, na zauna ban ko cire takalmi ba.

A kan ikon Allah zai yi magana, kuma gaskiya ya iya. Mutumin da ya shekara da shekaru yana raba faɗan fasinja da kwandasta ba ya rasa murya. Ya kawo ruwan sama, ya kawo jariri a cikin mahaifa, har Mama ta fara gyaɗa kai. Can sai ya gyara tsayuwa ya ce:

"Ya zo a hadisi cewa duniyar nan a kan ƙahon wani sa take, shi kuma san a kan wani kifi yake tsaye. In ya gaji ya sauya ƙaho, shi ne za ku ji ƙasa ta girgiza."

Da wannan labarin muka tashi dukanmu, ni ban ji komai ba. Amma na ga Auta ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta, na ce a raina yau akwai kallo.

Da ya gama ta ce, "Baba, ya yi kyau sosai. Sai dai maganar san nan, da za a cire ta."

"A cire? Ai ita ce naman wajen."

"Malaman hadisi ba su tabbatar da ita daga Manzon Allah ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi."

Baba ya ɗaga rimot. "Ba ke kika taɓa ce min ana aiki da hadisi mai rauni ba?"

"Wasu malamai sun yi sassauci in kwaɗaitarwa ce a kan aikin alherin da dama yana da tushe, kamar sadaka, shi ma da sharuɗɗa. Amma wannan magana ce a kan yadda Allah Ya tsara halittarsa, abin da ba wanda ya gani. Abin da za a ce wa mutane su ƙudurce a zuciya, sai wanda ya inganta."

Baba ya ajiye rimot a kan talabijin. Ya ce, "Daga bakin mahaifina na ji shi."

Kakanmu ya rasu tun kafin a haife mu, tun Baba yana saurayi, kuma har yau in ya ambace shi sai muryarsa ta sauka. Nan na gane ba san nan yake karewa ba. A kunnensa, cewa labarin ba shi da tushe daidai yake da ce wa mahaifinsa maƙaryaci, kuma 'yar da ya fi ji da ita ce take faɗa.

Na ga abin zai yi nauyi, sai na sa baki. Na ce wa Auta ta faɗa mana yadda malaman nan suke auna mutum. Ta ce abu biyu suke dubawa a jikin mai ba da labari: shin mai gaskiya ne, sannan shin yana riƙe abin da ya ji yadda ya ji shi. Mutum zai iya zama salihi wanda ba ya ƙarya, amma a ƙi karɓar ruwayarsa don ba shi da riƙo.

Na ce, "To auna mu."

Mama ta ci jarrabawa nan take, domin ita za ta faɗa maka abin da ka ce shekarun baya da kalar rigar da ke jikinka ranar. Ni aka ce mai gaskiya ce amma ina ƙara gishiri, na ce sharri ne, Mama ta ce har da barkono. Ƙanena kuwa, da ba ya nan balle ya kare kansa, aka yi watsi da ruwayarsa gaba ɗaya, tunda shi ne zai ce maka yana kan hanya alhali kana jin ƙarar famfon wanka a wayar. Baba ya yi dariya har da tari. Da dariyar ta lafa ya dubi Auta.

"To mahaifina fa?"

Auta ta ce, "Ban san shi ba, Baba. Ba a yanke wa mutum hukunci da ka. Sai a tambayi wanda ya zauna da shi."

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya zauna da shi bayan Baba, ita ce Gwaggo, yayar Baba. Ya ce mu je. Ya kuma ce in ta tabbatar haka mahaifinsu ya koyar, to ranar Asabar zai faɗa, ko Auta ta so ko ta ƙi. Na ga idon Auta ya kawo ruwa, ni ma raina bai so ba.

A motata muka tafi, kuma ba na yi wa kowa fatan ya tuƙa tsohon direba. A cewarsa, na taka birki da wuri, na taka a makare, na riƙe sitiyari kamar mai tankaɗe. Kafin mu isa ya ƙwace min lasisi a baki ya fi a ƙirga.

Gwaggo tana ɗakinta kusa da taga, tsohon keken ɗinkinta a lulluɓe da zane, rediyo a kan cinyarta. Idonta ya yi rauni amma kunne da baki suna nan daram. Har yau ba ta ɗauki Baba a bakin komai ba sai ƙaramin ƙanenta. Bayan gaisuwa ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya kwashe zancen ya faɗa mata, yana yi yana satar kallon Auta.

Gwaggo ta kashe rediyo ta fara dariya, har sai da na miƙa mata ruwa.

Baba ya ce, "Yaya, ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa mana. Ai saboda kai ya faɗa, matsoraci."

Ta juyo wajenmu. Ta ce gidan da suka tashi yana bakin layin dogo. Da yamma, daidai lokacin da mahaifinsu yake zaunar da su a tabarma yana biya musu karatu, jirgin kaya yake wucewa. Bango ya yi ta rawa, kwanuka su yi ta ƙara. Baba, da yake ɗan mitsitsi, sai ya tsala ihu ya ce ƙasa za ta tsage. Mahaifin sai ya ɗauke shi ya ɗora a cinya ya ce ya kwantar da hankalinsa, sa ne ya gaji yake sauya ƙaho, yanzu zai daidaita. Ya yi ta siffanta masa san, girmansa da haƙurinsa, yana shafa masa baya.

Baba ya dubi Auta. "Kin ji ko? A tabarmar karatu."

Gwaggo ta ce, "Tsaya mana, ban gama ba. Ni ce nake tambayarsa ko wannan ma yana cikin littafi. Kullum sai na tambaya, don in ji ko zai sauya magana, bai taɓa sauyawa ba."

"Me yake cewa?"

"Cewa yake, a'a 'yata, wannan hirar matafiya ce, a bakin wani ɗan dako na ji ta. Kar ki jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba. Allah ne Yake riƙe da sama da ƙasa, ba Ya gajiya."

Baba ya zuba mata ido. Ya ce, "Ban taɓa jin wannan ba."

"Ina za ka ji? Kafin a zo nan ka yi barci a cinyarsa, har da yawu."

Na so in yi dariya, amma da na ga fuskar Baba sai na haɗiye. Ba kunya ce a fuskar ba, farin ciki ne irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba. Mutumin da ya rasa uba tun yana saurayi, yana ganin duk abin da zai ji daga gare shi ya riga ya ji, yau ga sabuwar magana an miƙo masa. Auta ta sauko daga kujera ta zauna kusa da shi, ya dafa kanta ba tare da ya waiwaya ba.

Ya matsa ya kama hannun Gwaggo da hannu biyu.

"Yaya, sake faɗa min. A hankali, yadda ya faɗa."