Waldar da Ba Ni Na Yi Ba

"Oga Siraju, matsa baya kaɗan, wuta zai ci rigarka," in ji Godwin daga ƙarƙashin motar, bai ko ɗaga gilashin waldarsa ba.

Ban matsa ba. Ina tsaye a tsakar gidan Malam Abbo, maƙwabcina na katanga ɗaya a Abbare, ina kallon wani ƙato daban kwance a inda na saba kwanciya. An ɗora 'yar Suzukin a kan kututture, an cire tayoyinta huɗu an jingina su da gindin mangwaro. Shekara goma sha tara ina gyaran motar nan. Sau biyu na sauke injinta. Na san notin da ta zo da shi, na san wanda na tsinto mata a Kasuwar Jalingo. Amma ba wanda ya ce mini za a taɓa ta. Ƙarar injin walda ce ta fito da ni daga gida da hantsi.

Malam Abbo na zaune a kujerar roba, ya lulluɓa da bargo duk da rana ta ɗaga. Tsohon malamin dabbobi ne. Da motar nan ya yi shekaru yana bin rugage yana yi wa shanu allura, har ya yi ritaya.

"Siraju, jam na? Ka zo ganin aiki?" ya ce, gaisuwar da Fulatancinsa.

"Na zo ganin baƙo," na ce.

Godwin ya turo kansa waje ya zauna yana share gumi. Na san shi, mai walda ne a Nukkai, mutum ɗan shekara arba'in da wani abu, mai yawan fara'a. Ya shiga nuna mini abin da yake yi kamar na tambaye shi. Aksul yake ƙarfafawa, dogon ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi biyu, na gaba da na baya. Ya tsiyaye man ciki, ya zare sandunan da boris. Ya yanko ƙarfe mai kauri daidai bayan aksul ɗin ya kwantar masa tun daga wannan baki har wancan, ya kuma yanka ƙanana masu kusurwa uku don wuyan da taya ke kamawa.

"Ba na yi shi gaba ɗaya, Oga. In yi tsawon yatsa a nan, in koma can in yi tsawon yatsa, in bar shi ya huce. In zafi ya yi yawa, ƙarfe za ta lanƙwashe." Ya nuna zaren da ya ɗaure daga baki zuwa baki yana auna miƙewar.

Na durƙusa na shafa inda ya huce. Waldar ta kwanta sumul, ɗigo bayan ɗigo kamar kitson amarya. Da na tarar da aikin banza, da na yi dariya na koma gida na ci abincina. Kyansa ne ya hana ni.

"Nauyi kawai kake ƙara mata," na ce. "Motar nan ba tirela ba ce."

"Kaɗan ne, Oga. Dutsen Yorro ba ya jin magana."

Malam Abbo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Dariyar ta fi komai ɓata mini rai. Na fita ko sallama ban yi ba.

Kwana huɗu ban leƙa gidan ba. Ina garejina amma kunnena na Abbare. In na dawo da la'asar sai in ji su ta katanga, Godwin yana "Baba" kaza "Baba" kaza, Malam Abbo yana ba shi labarin bijimin da ya taɓa ɗaga shi sama a wata ruga. Labarin nan ni aka saba ba wa. Har kindirmon da Hajaratu, matar Malam Abbo, ke aiko mini duk Juma'a, na ga ƙwaryarsa a kan bonet ɗin motar, cokalin Godwin a ciki.

Matata Rauda ce ta gaji da ni.

"Baban Imrana, kai da ƙarfe kake gaba ko da mutum? Ka kalli yadda ƙafafun Malam Abbo suka kumbura kuwa? Hajaratu ta ce hanta ce. Likita ya ce su koma gida su yi ta addu'a."

"To me ya haɗa hanta da aksul?"

"Rugar yayarsa Dija yake son zuwa, can bayan duwatsu. A can aka haife shi. Ya ce ba zai jira rani ba."

Washegari na shiga. Godwin ya tafi sayo man aksul. Motar na kan tayoyinta, an shafa wa sabon ƙarfen baƙin fenti. Malam Abbo ya rame fiye da yadda na bar shi, idanunsa sun yi ɗorawa. Na zauna a kan turmi, na rasa ta inda zan fara, sai na fara ta inda bai kamata ba.

"Yaya Abbo, laifin me na yi?"

Ya dube ni. Sannan ya nuna mini wani buhu a gindin katanga. Na zazzage shi, wani guntun ƙarfe ya faɗo. Mazaunin sifirin ne na aksul ɗin baya, wanda na yi wa walda da hannuna bara. Ya rabe gida biyu daidai kan waldar. Na kai shi kusa da fuskata, na juya shi cikin haske. Rabin waldar ba ta ma kama ƙarfen ba, gefe ta bi.

"A rafi ya karye, da daminar bara," ya ce. "Yini guda na yi a wurin. Wani mai babur ne ya je ya ɗauko mini Godwin."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"In ce maka me? Idonka ne, Siraju. Wutar walda ta ci shi. Kai ma ka sani. Na ga yadda kake laluben noti da yatsa."

Na sani. Shekara biyu ina ganin hazo a idon dama, ban gaya wa ko Rauda ba. Amma sanin abu daban, jin sa a bakin mutum daban.

"Jibi za mu tashi," ya ce. "Kai ka san hanyar, kai ka san halin motar. Da rana ne, za ka gani sarai. Ka kai ni."

Abin da na ce masa, har yau in na tuna sai in ji kamar in tsinke harshena.

"Wanda ya yi walda, shi ya san inda za ta karye. Ya tuƙa."

Bai yi musu ba. Ya ce, "To, useko," godiyarsu ta Fulani, ya ja bargonsa.

Ranar Talata da sassafe suka tashi. Ina kallo ta tagar zaure. An cire kujerar baya an shimfiɗa katifa, Godwin ya ɗauko Malam Abbo cak kamar jariri ya kwantar da shi, Hajaratu ta shiga gaba da kwandon kwanuka a cinya. Da suka zo daidai ƙofata Godwin ya danna hon sau biyu. Ban fito ba. Na ce a raina in sun dawo na shiga mu shirya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tarar da motar a ƙofar gidana, laka har gilashi. Godwin na zaune a kan dakali shi kaɗai, idanunsa jajur.

"Oga, Baba ya tafi. Jiya da azahar. Ba sabis a can, shi ya sa na zo da kaina."

Na yi salati, na zauna kusa da shi. Ya ce sun isa lafiya kafin la'asar. Dija ta rungume ƙanenta tana kuka tana dariya. Ranar Laraba ya sa aka fito da shi bakin garke, ya kira shanun da sunayensu, ya sha nono rabin ludayi. Ranar Alhamis numfashi ya soma yi masa wuya.

"Ni na riƙe shi a ƙirjina don ya samu iska. Mama Hajaratu tana faɗa masa kalmar shahada, yana bin ta. Ni ban iya ba, na riƙe shi kawai. Da yamma suka binne shi."

Ya kamata a ce kuka kawai na yi. Na yi kukan. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai ɗaci da ke cewa ƙirjina ne ya kamata, ba nasa ba. Shekara ashirin da shida muna katanga ɗaya, shi kuwa shekara guda.

"Ya ce wani abu a kaina?" na tambaya.

Na so ya yi mini ƙarya, bai yi ba.

"A hanya ne kawai. Da muka zo rafi ya ce, in da Siraju ne, ta hagu zai bi. Na bi ta hagu."

Hajaratu ta aiko shi ya ɗauko 'yarsu Amatullah da ke aure a Nukkai. Washegari da safe na bi shi, muka ɗauke ta. Godwin ya miƙo mini makulli, ya ce kafaɗarsa ta riƙe. Ya haye katifar baya, Amatullah ta zauna gaba tana jan carbi.

Da muka bar kwalta na sa giyar taimako mai jan tayoyi huɗu. Hanyar ta lalace fiye da yadda na san ta, ruwa ya kwashe ƙasar ya bar duwatsu tsirara. Ba zan ɓoye ba, akwai wani hawa da na ga ƙaton dutse a tsakiya, ina da wurin kaucewa, na saita tayar baya a kansa na taka mai. Motar ta yi sama ta dawo da ƙarfi, Amatullah ta yi ƙara ta dafe gilashi. Na kasa kunne ina jiran ƙarar ƙarfe. Ba abin da ya karye. Ta ci gaba da hawa abinta.

"Baffa, a hankali don Allah," in ji Amatullah.

Na dubi madubi. Godwin na kallona, ya san abin da na yi. Ya mayar da kansa kan katifa. Daga nan har rugar ban ƙara taka dutsen da zan iya kauce wa ba.

Mun isa rana na tsaka. Bukkoki biyar ne a gindin dutse. Amatullah ta ruga wurin uwarta, kuka ya tashi sabo. Dija, tsohuwa doguwa mai irin goshin Malam Abbo, ta fito ta kama hannun Godwin da hannu biyu tana yi masa magana da Fulatanci kamar ɗanta. Sai da ta gama ta juyo gare ni.

"Wannan fa?"

"Oga Siraju ne, Mama. Maƙwabcin Baba."

"Sannu da hanya," ta ce, ta nuna mini bayan garke da haɓa.

Ni kaɗai na tafi. Kabarin na ƙarƙashin wata ɗorawa, ƙasar ja ce, ba ta gama bushewa ba, an rufe ta da ƙaya saboda dabbobi. Na tsuguna na yi addu'ar da na iya.

Ina nan tsugune shanu suka dawo daga rafi. Suka rabu biyu a kaina, suna wucewa ta dama da hagu a hankali, jikinsu na ɗigar ruwa. Wata farar saniya ta tsaya ta sunkuyar da kai ta shinshina ƙayar, ta huro numfashi mai ɗumi a bayan hannuna, sannan ta bi sauran.