Itacen Wankan Ni'imatu

Ni'imatu ta haihu a gidan iyayenta a Kebbe, kamar yadda ake yi wa mace a haihuwar fari. Tun ranar da ta sauka, mahaifiyarta Inno ta girka tukunyar wanka a bayan ɗaki. Safe da yamma sai a tafasa ruwa da ganyen darbejiya a fyaɗa wa maijego, har a yi arba'in. Aikin wanka na Inno ne, amma itace a wuyan miji yake, kuma da tulin itacen mata ke auna darajar mace a gidan aurenta.

Mijinta Almu yana ƙauyensu kusa da Tambuwal, inda dajin ya daɗe da zama fili. Abin da ya fara aikowa ƙiraren sabara ne da karan dawa. Matan da suka zo barka suka tsaya a kansa.

"Inno, wanga itacen wanka na ko na dafa shayi?" in ji wata, aka kwashe da dariya.

Ni'imatu tana jin su daga ɗaki. Dariyar ta yi mata zafi, amma tsoro ya fi yawa, don Inno ta sha faɗa mata cewa maijegon da ba ta gasu ba sanyi ke kama ta, nono ya tsinke, yaro ya lalace. Ta dubi jaririnta, ta ɗauki waya ta kira Almu.

"Ka kunyata ni gaban mutane," ta ce. "In ba ka iya riƙon maijego, ka faɗa mini."

Bayan suna sai ga a-kori-kura ta sauke manyan gumagumai a ƙofar gida, ɗanyu sharaf, yankan inji. Inno ta rangaɗa guɗa. Hayaƙinsu ya cika gidan yana sa jariri tari, amma Ni'imatu ba ta tambayi inda aka samo su ba. Da suka yi ƙasa ma, ta sake bugo masa waya ta ce a ƙaro, ya ce gobe.

Washegarin ne uwar mijinta, Gwaggo Batula, ta zo ganin jika, don ciwon gwiwa ya hana ta zuwa suna. Tsohuwa ce mai sana'ar daddawa, wadda 'yan kasuwar Tambuwal ke zuwa saye har gida. Ta kawo wa maijego ƙullin daddawa da kanwar kunu. Aka yi gaisuwa, ta karɓi yaro tana yi masa wasan miji, tana cewa ita ba ta son ango marar haƙora. Ni'imatu ta sunkuyar da kai, kamar ba ita ta haife shi ba.

Da azahar Gwaggo ta zagaya bayan ɗaki yin alwala, ta daɗe. Ni'imatu ta bi ta da buta, ko ruwan ne bai isa ba. Ta tarar da ita durƙushe gaban sauran itacen, hannunta a kan wani gungume. Wani tsohon ƙarfe ne a jikinsa, ɓawo ya haɗiye rabinsa.

"Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata." Ta nuna ƙarfen. "Baban mijinki ya kafa wanga ƙarfe, nan shika rataye gorar ruwa in muna noma. Ɗorawata ta."

Ni'imatu ta dubi gungumen. Ta san ɗorawar. Tana amarya ta zauna a inuwarta ta sha garinta, kuma kalwarta ce ke cikin ƙullin da aka kawo mata ɗazu.

"Ba ki sani ba an sare ta?"

"Ina zan sani? Tun girbi ƙafa ba ta kai ni gona ba." Gwaggo ta shafa ɓawon. "Sadda anka kawo ni gidan, ɗorawa ta fi a ƙirga a gonar. Masu gawayi sunka ci rabonsu, masu ƙarin gona sunka ci nasu, ƙanana ko awaki ba su bari su tashi. Biyu sunka rage min. Ƙarƙashinsu dawa ba ta neman taki, zuma ma can taka sauka. Wagga har ta fara fidda tutu, furen nan nata, na sani, lokacinta na." Ta dafa bango ta miƙe. "To, jikana ya ci. Allah shi amfana. Ɗaya ta ishe ni."

Da tsohuwar ta zage ta, da ya fi mata sauƙi. Ni'imatu kaɗai a gidan ta gane inda ƙarin itacen yau zai fito: ɗorawar da ta rage. Ta ajiye butar ta shige ɗaki, ta kira Almu. Kafin ya yi magana ta ji kukan inji.

"Kana ina?"

"Gona. Ki yi haƙuri, kafin la'asar mota na nan tafe."

"Ka ce ya kashe injin."

"Mi?"

"Don girman Allah ka ce ya kashe! Gwaggo na nan, ta gane itacenta."

Ta ji yana ƙwala wa mai injin, wani Atiku, kira. Injin ya yi tari ya mutu. Almu ya dawo kan wayar.

"Ya riga ya sauke babban reshe guda," ya ce. "Bai taɓa gindin ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ke kinka ce na kunyata ki. Na bi daji har wajen Dogon Daji, ban samu abin da ya fi hannuna kauri ba. Mi kika so in yi?"

"Ni na ce," ta amsa. "Ka bar ta haka nan. Kada ka aiko komi."

Da ta juyo, Inno na tsaye a bakin ƙofa, ta ji duka.

"Kin yi hauka? Da mi za mu kai arba'in? So kike sanyi ya shige ki, ɗan mutane ya rasa nono?"

Wannan tsoron bai bar Ni'imatu ba. Ta dubi yaron yana barci, bakinsa na motsi. Amma ta tuna matar yayanta da ta haihu a asibitin Sakkwato aka hana ta ruwa mai ƙuna, ga ɗanta can yana gudu a tsakar gida.

"Akwai kara, Inno. A ɗumama min sau ɗaya a yini, ya isa."

"Mata su ce mi?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Maganarsu na bi na cinye wa tsohuwa itacenta."

Gwaggo ta idar da salla ta ce za ta koma kada ta rasa mota. Inno ta shiga ba ta haƙuri, tana cewa wallahi ba su sani ba, in tana so a mayar mata da sauran gumaguman.

"In kai su ina, in dasa?" in ji Gwaggo. "Ku ƙona abinku."

Ni'imatu ta raka ta zuwa zaure, iyakar inda maijego ke kaiwa. Ta durƙusa, ta faɗa mata abin da ya faru da ɗorawa ta biyun: reshe ya tafi, gindi na nan. Ba ta iya ɗaga ido ba.

"Wane reshe? Na gabas ko mai kallon hanya?"

"Ban tambaya ba, Gwaggo."

"In na gabas na, rabin kalwar bana ke nan." Tsohuwar ta gyara mayafi, ta taka dokin ƙofa da ƙyar. "Tashi ki koma ciki, yaro na kuka. Gobe sai in sa a ɗauke ni a babur in gano ta."